Raguna Bakwai na Darakta

Mu mahauta ne. Kakana mahauci ne, ubana ma haka, kuma ɗana na fari shi ke riƙe da rumfar gidanmu a kasuwa har yau. Ni kaɗai na kauce, kuma ban yi nisa ba, daga nama na koma fata. Sayen fatar jan akuya da kai ta inda ake nema shi ya fitar da ni daga Ƙofar Rini ta Sakkwato ina saurayi, ya yi ta yawo da ni wajen shekara arba'in: Yamai, Agadas, Kwatano, Hartum, har wani ƙaramin garin majema a Italiya inda na yi hunturu biyu. A hanya na tsinci Zabarmanci da Faransanci da Larabcin kasuwa, na ƙara a kan Fillancin da na tashi da shi a kara, kasuwar dabbobi, da Turancin da na koya wa kaina.

Na ce na koya wa kaina domin a aji huɗu na bar makaranta. Malaminmu na lokacin yakan zaunar da ni bakin taga ni kaɗai, wai don iska ta riƙa ɗauke ƙarnin da nake zuwa da shi. Mahaifiyata takan dirje ni da sabulu da soso har jikina ya yi zafi, amma kujerata ba ta taɓa matsawa daga bakin tagar nan ba. Wata rana aka fita tara, ban koma ba. Sauran karatuna a rediyo na yi shi, da darussan da ake aiko wa mutum ta gidan waya, ya amsa ya mayar, ya jira wata guda kafin ya ga jan biro a takardarsa. Saboda haka da aka fara surutun karatu ta waya a garin nan, ni ban ji sabon abu ba. Gidan waya ne dai ya shigo aljihu.

A garin majeman nan na Italiya na ga mahauci da sunan kakansa rubuce a saman ƙofar shago, likitan garin yana tsaye a layi yana jiran ya gama hira. A nan gida kuwa a ci namanmu, a lashe hannu, sannan in yaronmu ya je neman aure a fara binciken asali. Na san wannan tun ina ƙarami, na kuma ɗauka na tsufa da jin zafinsa. Ashe ban tsufa ba.

Abin ya faru ne bayan kullen korona, da aka sake buɗe makarantu. Jikata, 'yar ɗana na fari, tana da shekara goma a lokacin, tana aji biyar a wata makarantar kuɗi da ke hanyar Kalambaina. Mai makarantar, wanda kowa ke kira Darakta, ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun zamanin mahaifinsa gidanmu ke feɗe musu ragunan layya. Na san shi yana ɗan yaro, yana tsaye da ƙoƙo yana jiran a miƙo masa ƙoda ya je ya gasa.

Aka kira taron iyaye wata Asabar da safe. Da safe kuwa ɗana yana kwata, inda ake yanka da fiɗa, sai na tafi a madadinsa. Abin da ya kawo taron shi ne wasu iyaye sun ɗanɗana karatun gida a watannin kulle, suna son a bar musu zaɓi, yaro ya riƙa zuwa kwana biyu ko uku, sauran ya bi darasi ta waya. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce ɗanta bai iya haɗa baƙi ba sai da ya zauna gabanta wata uku. Wani ya ce 'ya'yansa kullum da haɓo suke dawowa, saboda ranar ƙarfe biyu a cikin keke mai ƙafa uku. Wani ma'aikacin kamfanin siminti ya miƙe ya ce, "Ni tun asuba nake fita. Wa za ya tsare mini su? Uwarsu ta bar tuwo ta koma hedimasta?" Aka yi dariya. Wani malami kuma ya ce shi ba ya miƙa wa yaro waya, domin ƙofa ce da ba ta da mai gadi. Kowa da gaskiyarsa, ni ban ga wanda ya yi ƙarya ba.

Na tashi na faɗi kaɗan. Na ce karatu a zaure da tsakar gida ya girmi baƙin allo a garin nan, kakanninmu mata a ɗakunansu suka karantar da 'yan matan unguwa, kuma ni kaina ta wasiƙa na yi karatu. Na ce a bar wa kowane gida ya auna abin da zai iya.

Darakta ya karɓi lasifika yana murmushi.

"Baba Alhaji ya yi magana, mun gode. To amma a gaya wa juna gaskiya. Yaron da aka aje gida, gida za ya gada. Ɗan likita in ya zauna gida, ko ba komi za ya ga littafi. To ɗiyan mahauta fa? In sun zauna gida mi za su koya, in ba fiɗa da wankin tumbi ba? Mu nan aikinmu shi ne mu fidda yaro daga kwata."

Aka fashe da dariya. Ba kowa ya yi ba, amma waɗanda suka yi na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma har yau in na gamu da ɗayansu a wurin jana'iza haƙoransa nake fara tunawa. Na koma na zauna. Bayan shekara sittin da ɗoriya, ga ni an sake mayar da ni bakin taga.

Da a kaina maganar ta tsaya, da wataƙila na haɗiye. Amma iyaye suka kai ta gida a matsayin abin dariya, yara suka ji. Jikar nan tawa, in ta dawo makaranta takan faɗo zaure da tsiya, ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, yau ma kana nan?" Ni kuma in ce, "Ina nan, amarya, sai na ga marar sa'ar da za ya kwashe ki." Ranar Laraba ta wuce ni kanta a ƙasa. Sai da yamma uwarta ta zo ta durƙusa bakin ƙofar zaure ta gaya mini. 'Yar kwata suke kiranta. In ta gifta sai su toshe hanci. Yarinyar da suke benci ɗaya ta sa jaka a tsakaninsu. Kwana biyu ke nan tana wanke hijabinta da kanta, ta shanya, ta sansana, ta sake wankewa.

Na ce ba za ta koma ba.

Ɗana mutum ne marar hayaniya. Ya zauna ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, idonsa a kan tabarma.

"Baba, a yi haƙuri. Maganar baki ce, sati biyu an manta. Ni ban yi boko mai nisa ba, ina son ta yi. Kuma makaranta ba karatu kaɗai ba ce. Can za ta san mutane, ta koyi zama da wanda ba ya sonta."

"Haka aka ce wa ubana," na ce masa. "Sati biyu an manta. Ka gan ni nan, na manta?"

Matarsa ce ta raba mu. Ta yi kwalejin horon malamai kafin aure, ba ta dai taɓa riƙe aji ba. Ta ce, "Baba, in an yarda mini, zan iya." Ashe ita ma da nata dalilin tun tuni: littattafan yarinyar sukan yi makonni ba a duba ba, ajin ya cika maƙil, wanda ke baya ba ya jin malami. Ta riga ta samo wata malama a Ibadan mai karantar da yara goma sha biyu lissafi da Turanci da kimiyya ta waya kowace safiya. Ɗana ya ga mun zama biyu, ya tashi ya koma rumfa. Bai yarda ba, bai dai hana ba.

Haka gidanmu ya zama makaranta wata tara. Da sanyi abin ya tafi daidai. Da bazara ta shigo, kafin ƙarfe goma sha ɗaya wayar takan yi zafi ta kashe kanta a tsakiyar darasi. Muka gano in an shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan murfin randa aka jingina ta, takan jure. Sai aji ya koma gindin randa. In sabis ya ɗauke, malamar takan daskare baki buɗe, yarinyar ta yi ta jira da biro a hannu. Uwarta na gefe tana tsince shinkafa, kunnenta na wurin. Bayan azahar ni nake karɓa, in shimfiɗa tsohuwar taswirata, in bi da ita hanyoyin da na bi, in koya mata gaisuwa da ƙirga da Faransanci. Lissafin kashi-kashi da ya gagare ta a makaranta, da watanda na warware mata shi: mutum bakwai sun haɗu sun sayi sa, biyu sun ce rabin kashi za su iya, yaya za a raba? Cikin kwana uku ta wuce sauran yaran malamar. Makaranta ta aiko takarda tana tambayar dalilin rashin zuwanta. Na aika da takardar rumfa aka ƙunshe wa wani nama da ita.

Karatu kam ta yi, ba zan rage wa surukata ladanta ba. Amma yarinyar ta daina tsokanata. Lokacin tashin makaranta takan tsaya jikin ƙyaure tana leƙen kekunan da ke wucewa da yara cikin kayan makaranta, suna ihu suna fizgar jakar juna. Islamiyyar yamma tana zuwa, amma wannan wurin hadda ne, ba wurin wasa ba. Na gani, na kau da kai, domin fushina ya fi mini daɗi a lokacin. Ɗana ya same ni wata rana ya ce, "Baba, ta fi da karatu, amma ba ta dariya." Na ce masa za ta yi dariya ranar da na yi.

Babbar Sallah nake jira.

Wanda bai san layyar Sakkwato ba, mu ba ma daddatsa rago ranar Sallah. Feɗe shi ake yi, a fitar da kayan ciki, a banƙare shi sukutum a kan itace biyu da aka gicciya, a jera a kewaye da wuta a ƙofar gida, ya yini yana gasuwa a hankali. Tareni muke ce masa. Mutanen Yamai ma haka suke yi, Kanawa kuwa suya suka sani. Aiki ne na gwanin hannu, kuma duk wuƙar kirki da ke garin nan an riga an yi alkawarinta tun saura mako. Darakta ya gaji wata ɗabi'a daga mahaifinsa: da an sauko idi sai ya yanke ragunansa gaba ɗaya a jere, domin kafin ya wanke hannu mutanen gidanmu sun iso. Shekara da shekaru ba mu taɓa makara ba, shi ya sa bai taɓa tunanin jira ba.

Saura kwana biyar direbansa ya zo ya ce, "Darakta ya ce kamar kullum." Na ce, "Ka ce masa na ji." Da ya tafi na kira ɗana na ce bana ba ya zuwa, kuma ba ya gaya wa Darakta. Sannan na sayi goro na zagaya gidajen dattawan fawa. Ban roƙi kowa komai ba. Maganar Darakta kawai na maimaita musu, kalma da kalma, har da wankin tumbin.

"Baba, naman ibada ne fa," in ji ɗana. "In ya lalace, alhakin wa?"

"Ba za ya lalace ba. Na san iyakar lokacin da rago ke yi da cikinsa rufe a zafin garin ga. Na sani tun ba a haife ka ba."

Ranar Sallah aka wayi gari da hadarin da ya ƙi zuba, iska ta tsaya cik, irin zafin da ke manne wa mutum riga. Muka gama namu ragunan da wuri. Wayar ɗana ta fara ƙara, na karɓe ta na ɗora a kan randa, ta yi ta kuka ita kaɗai. Wajen sha ɗaya da rabi mota ta tsaya ƙofar gida. Darakta ne da kansa, cikin farar shadda, hannun rigar ya yi faca-faca da jini, ga wani kore-kore a gabanta. Da gani na san ya gwada da kansa ya huda tumbi.

"Salamu alaikum. Baba Alhaji, barka da Sallah."

"Amin alaikumus salam, Darakta. Barkanmu dai. An sauko lahiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya zafi? Zauna mana, a kawo ruwa." Ban taɓa jan gaisuwa irin ta ranar ba. Har lafiyar ƙanwar mahaifinsa na tambaya.

"Baba, raguna bakwai na kwance. Cikinsu ya fara tashi. Na zagaya ko'ina, kowa ya ce yana da aiki."

"Ai ranar aiki ce. Ba ka da waya? Jikata ta ce babu abin da babu a ciki. Ka buɗe ka nemi darasin fiɗa. Ko ka kira ɗan likita, shi da ya tashi yana ganin littafi."

Ya sunkuyar da kai. Gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Baba, wallahi wasa na yi ranan nan."

"Na sani. Na ga an yi dariya."

"Mi kake so in yi?"

Na ɗaga murya na ce, "Amarya, taho. Darakta ya zo mana barka da Sallah." Ta fito cikin sabuwar atamfa, hannunta da lalle, ta durƙusa ta gaishe shi kamar yadda aka koya mata a gidan mahauta. Ya kasa dubanta.

Na ce, "Inda ka faɗi maganar nan, can za ka janye ta. Da lasifikar nan, gaban iyayen nan. Sannan gaban yara, in sun yi layi da safe."

"Na yarda."

"Ba ni za ka gaya wa ba."

Ya juya wajenta ya ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Ni na yi kuskure, ke kika sha wahalarsa."

Na zaci za ta dube ni mu yi murmushin nasara tare. Sai ta ɗago ta ce masa, a hankali, "Darakta, an ba wata kujerata?"

Wannan tambayar ban shirya mata ba. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko wuƙar ubana, wadda na yi shekaru ban zare ba, na ce wa ɗana ya kira mutanensa biyu.

Mun isa a kan lokaci, amma da ƙyar. Shida ba su yi komai ba. Wanda ya huda sai da muka yanke wani sashe muka zubar, muka wanke sauran da kyau. Ɗaya ni na feɗe shi da hannuna a ƙofar gidansa, maƙwabta na kallo, kuma ban bar kowa ya riƙe mini ƙafar ragon ba sai Darakta. "Riƙe nan. Ba haka ba. Ja sosai, Darakta, ba alli ba ne." Da fatar ta fita sumul babu ko huda ɗaya, na ɗaga ta ya gani. Na ce masa, "Wannan kam ba a koyonsa a waya, a gida ake gadonsa. A nan ka yi gaskiya."

Niyyata ita ce in bar shi ya ba da haƙurin a bainar jama'a, sannan in ƙi mayar da yarinyar, ya zama kujera ya ba haƙuri. Na faɗi haka a gida bayan Sallah. Surukata, wadda ita ce ta goya mini baya tun farko, ta durƙusa ta ce, "Baba, kana da gaskiya, kuma fushin naka ne. Amma ɗiyar tamu ce. Ni na karantar da ita wata tara, na san abin da nake iya ba ta. Lissafi zan iya. Ƙawa ce ba ni iya zama." Na ga yadda ɗana ya gyara zama. Na tashi na shige ɗaki. Kwana biyu ina jin tambayar yarinyar a kunnena, a na uku na ce a kai wa tela yadin kayan makaranta.

Darakta ya cika alkawari a taron farkon zango. Ya fara magana ƙasa-ƙasa, kamar mai lazimi. Daga kujerar baya na ce, "Ba mu ji a nan!" Ya maimaita da ƙarfi, ya ce sana'ar fawa sana'ar mutunci ce, ya ce ya yi wa wani gida laifi, ya yi wa wata ɗaliba laifi. Na bi ɗakin da ido ina neman masu haƙoran nan. Kowannensu ya sami abin kallo a ƙasa. Daga baya ya maimaita gaban yara a layin safe. Takardar komawa ni na cike ta, kuma wurin da aka ce sana'ar uba na rubuta MAHAUCI da manyan baƙaƙe har ya cinye layin ƙasa.

Abokaina na majalisa sun ce tunda ya ba da haƙuri in yafe. Na ce ina kan hanya. Malamin da ya zaunar da ni bakin taga ya daɗe a ƙasa, ban same shi ba, kuma na san wani ɓangare na abin da na yi wa Darakta nasa ne. Ban ce daidai ne ba, amma ban yi nadama ba.

Yarinyar ta koma, ta kuma ci gaba da lissafin malamar Ibadan ranar Asabar a gindin randa, don uwarta ta ce wannan ba a bari. Ranar farko da ta dawo na ji gudunta tun daga lungu. Ta faɗo zaure, hijabi a karkace, tawada a yatsa, ta ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, yau ma kana nan?"

Har yanzu gidanmu ke yi wa Darakta layya. Sai dai ya bar ɗabi'ar mahaifinsa. Ba ya ɗora wuƙa a wuyan rago sai ya hango ni na karyo kwanar layinsu. Yakan tsaya a rana cikin shaddarsa, wuƙa a hannu, ragunan na kuka. Ni kuwa tsoho ne, ba na sauri.